Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi: Ɗan Ƙasarmu da Muke Tunawa Ranar 20 ga Janairu

Al'adar Ikilisiya ce tun zamanin shahidai na farko ta riƙa tunawa da tsarkaka a ranar da suka bar duniya, domin a wurinta ranar mutuwar mai adalci ita ce ranar haihuwarsa a sama. Shi ya sa kowace shekara, a tsakiyar sanyin hunturu, ranar 20 ga Janairu, Katolika na Najeriya baki ɗaya suke yin idin Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi. A sauran ƙasashe ana tunawa da Waliyyi Fabiyan da Waliyyi Sabastiyan a wannan rana, amma mu Allah Ya ba mu namu na gida. Ya kamata mu da ke zaune a Kwaciri da Fagge da Sabon Gari mu san ko wane ne shi, kada idinsa ya zo ya wuce mu kamar kowace rana.

An haife shi a shekarar 1903 kusa da garin Aguleri, cikin jihar Anambra ta yanzu. Iyayensa manoma ne talakawa masu bin addinin gargajiya. Mahaifinsa, Tabansi, ya taɓa shan ɗauri a hannun Turawan kamfanin da ke mulkin bakin kogin Kwara a wancan zamani, sai ya raɗa wa ɗansa suna Iwene, wanda a harshen Ibo yake ɗauke da roƙon kada ƙiyayya ta yi kisa. Yana ƙarami aka kai shi wurin wani ɗan'uwansu malamin makarantar mishan domin ya yi karatu. A can ne aka yi masa baftisma a shekarar 1912, aka ba shi suna Michael. A can ne kuma, wajen wasa da yara, ya rasa ganin idonsa ɗaya, da ido ɗayan nan ya yi dukan karatunsa da aikinsa har ƙarshen ransa.

Yana da shekara 16 ya fara koyarwa. Ya yi aiki a makarantar Holy Trinity ta Onitsha, daga baya ya zama shugaban makaranta a Aguleri. A wancan lokaci malamin makaranta babban mutum ne a ƙauye, danginsa kuma sun zuba masa ido ya fitar da su daga talauci. Saboda haka ba su ji daɗi ba sa'ad da ya ajiye aikin a shekarar 1925 ya shiga makarantar horar da firistoci ta Igbariam. Shekara 12 ya yi yana shiri, a zamanin da 'yan ƙasa kaɗan ne ƙwarai suke kaiwa ƙarshen wannan hanya. Ranar 19 ga Disamba 1937 Bishop Charles Heerey ya naɗa shi firist a babbar majami'ar Onitsha.

Fada Tansi ya yi hidima a wurare huɗu: Nnewi, Dunukofia, Akpu da Ajalli, sa'an nan garinsu Aguleri. Ya riƙa zaga ƙauyuka a ƙafa ko a keke, daga baya a kan wani tsohon babur, yana yin Misa, yana koyar da katikisim, yana zama sa'o'i masu yawa yana sauraron masu furta zunubansu. Gidansa na ƙasa ne, abincinsa kaɗan, abin da aka ba shi kuwa yakan ƙare a hannun mabukata. Idan ana ginin majami'a ko makaranta, shi ma yakan tuɓe ya shiga kwaɓa ƙasa tare da jama'a. Ya damu ƙwarai da sha'anin aure, har ya buɗe gidaje inda 'yan mata suke zama suna koyon addini da riƙon gida kafin a ɗaura musu aure a majami'a. Ya tsaya wa mata a kan masu cin zarafinsu, ya yi hidima ga kutare, ya kuma yi tsayayya da al'adar nan da ke ware waɗansu iyalai a ce ba a aurensu, ba a cuɗanya da su. Cikin yaran da ya yi wa baftisma akwai wani ɗan shekara tara, a shekarar 1941, wanda duniya ta sani yau da sunan Kadinal Francis Arinze.

Ba za mu ɓoye ba, mutum ne mai tsanani. Horonsa ya yi wa waɗansu nauyi, akwai kuma waɗanda suka yi gunaguni a kansa. Amma ko masu gunagunin sun shaida cewa bai taɓa ɗora wa wani kayan da shi bai fara ɗauka ba.

Yana tsakiyar wannan aiki, sunansa ya bazu, sai ya ji Allah yana kiransa zuwa wata rayuwa dabam. Bishop Heerey yana da burin a kafa gidan zuhudu a Najeriya, inda maza za su keɓe kansu domin addu'a da aikin hannu. Fada Tansi ya miƙa kansa. A shekarar 1950, bayan ya ziyarci Roma, ya shiga gidan zuhudu na Mount Saint Bernard a ƙasar Ingila, aka ba shi suna Cyprian. Mu duba girman wannan sauyi. Mutumin da dubban jama'a suke tashi tsaye idan ya shigo, ga shi yana da shekara 47 ya koma ɗan koyo a ƙasar da ba tasa ba, cikin sanyin da jikinsa bai saba ba, yana tashi da tsakar dare domin addu'a, yana aiki a ɗakin cin abinci da wurin ɗinkin littattafai, ba wanda ya san darajarsa a waje. Ya ɗauki alkawarinsa na har abada ranar 8 ga Disamba 1956.

Abin da ya riƙe a zuciya shi ne wata rana zai komo gida da wannan rayuwa. Amma da lokaci ya yi, a shekarar 1963, sai aka yanke shawarar a kafa sabon gidan a ƙasar Kamaru, kusa da Bamenda, maimakon Najeriya. Wannan ya yi masa zafi, duk da haka ya karɓa da biyayya. An zaɓe shi ya je ya horar da sababbin shiga a can, amma ciwo ya riga shi. Ya rasu a asibitin birnin Leicester ranar 20 ga Janairu 1964, bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba.

A shekarar 1986 aka ɗauko gawarsa aka kawo Onitsha. A wannan lokaci ne wata budurwa mai fama da ciwo mai tsanani ta taɓa akwatinsa ta warke, bayan dogon bincike kuma Ikilisiya ta amince cewa al'ajibi ne. Ranar 22 ga Maris 1998, a garin Oba kusa da Onitsha, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana shi Mai Albarka, ɗan Najeriya na farko da ya sami wannan matsayi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1999, Kano ta zama cikakkiyar dayosis. Mataki ɗaya ya rage a kira shi Waliyyi, wato a tabbatar da wani al'ajibi ta wurin roƙonsa, wannan kuwa aikin addu'armu ne.

Ranar idinsa tana da wani nauyi na musamman a gare mu mutanen Kano. A ranar 20 ga Janairu 2012 ne aka kai wa birnin nan hare-haren da suka ci rayukan mutane fiye da 150, Musulmi da Kirista. Da yawa daga cikinmu muna tune da ƙarar wannan maraice, da kwanakin da suka biyo baya, da maƙwabtan da suka ɗaure kaya suka tafi. Ba mu ne muka haɗa ranakun biyu ba, amma tun da sun haɗu, sunan da mahaifinsa ya ba shi ya zama wa'azi a gare mu. Kada ƙiyayya ta kashe mu, kada kuma mu bari ta yi gida a zukatanmu game da waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muke shan ruwan famfo ɗaya.

Akwai kuma darasi na cikin gida. A majami'unmu akwai Ibo, da Hausawa, da mutanen kudancin Kaduna, da na Filato, da Tibi, da Yarbawa. Idan muka bar idin nan ya zama na ƙabila ɗaya, mun yi wa Fada Tansi rashin adalci, gama shi ya yi yaƙi da wariya a cikin mutanensa, ya kuma san ɗacin baƙunci. Duk wanda ya bar garinsu ya zo Kano neman abinci, shekaru suka shuɗe, burin komawa gida bai cika ba, yana da ɗan'uwa a sama wanda ya san wannan hali.

To, yaya za mu kiyaye ranar? Na farko shi ne Misa, inda firist yake sa fararen tufafi. Wanda kasuwa ko aiki ba za su bar shi ba da rana, sai ya yi ƙoƙarin zuwa ta asuba. Iyalai za su iya yin addu'ar kwana tara daga 11 zuwa 19 ga wata, suna roƙo domin firistocinmu, da matasan da ke shirin aure, da zaman lafiyar Kano. Katikis su ba yara labarinsa, Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa su ziyarci marasa lafiya da gwauraye. Mu tuna da dukan waɗanda suka rasu a shekarar 2012, ba tare da tambayar addininsu ba. Tun da ranar tana faɗowa cikin makon addu'a domin haɗin kan Kirista, daga 18 zuwa 25 ga Janairu, mu sa 'yan'uwanmu na sauran ikilisiyoyi cikin roƙonmu. Ashobi da girki da kiɗa ba laifi ba ne, amma mutumin da muke girmamawa ya rayu da kaɗan, saboda haka abin da za mu kashe a kan biki mu raba shi da wanda ba shi da na tuwon dare.

Allah Ya ba mu alherin bin sawunsa, Ya kuma nuna mana ranar da za a lissafta shi cikin waliyyai. Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi, ka yi addu'a dominmu. Amin.