Gregor Mendel, Malamin da Ya Gano Sirrin Gado a Cikin Lambu

Kowace shekara, idan muka kai darasin gado a ajin kimiyyar halittu, sunan da muke fara rubutawa a allo shi ne Mendel. Ɗalibai sukan haddace sunan saboda jarrabawa, amma kaɗan ne suka san cewa mai sunan nan shi kansa ya shiga jarrabawar zama malami sau biyu bai ci ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba da tarihinsa a wannan littafi, domin ɗalibai da iyaye da 'yan'uwa a cikin ikilisiya.

An haife shi a watan Yuli na shekara ta 1822, a wani ƙauye mai suna Heinzendorf, cikin daular Ostiriya ta wancan zamani. Yau ƙauyen yana cikin Jamhuriyar Cek. Sunansa na yanka Johann. Mahaifinsa, Anton, ƙaramin manomi ne, kuma a wurinsa yaron ya koyi aikin lambu da kula da itatuwa. Da malamansa suka ga yana da ƙwaƙwalwa, sai aka tura shi sakandare a garin Troppau. A shekara ta 1838 itace ya faɗo wa mahaifinsa, har ya kāsa aikin gona sosai. Daga nan kuɗin makaranta ya zama abin wuya. Johann ya riƙa koya wa 'yan'uwansa ɗalibai karatu domin ya sami abin da zai ci, ga kuma rashin lafiya da ya sha kwantar da shi. Ƙanwarsa Theresia ce ta ba shi daga cikin rabon da aka ajiye mata na aure, ya ci gaba da karatu. Bai manta da wannan alheri ba, gama daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A shekara ta 1843 ya shiga gidan zuhudu na Saint Thomas a birnin Brno, inda aka ba shi sunan Gregor. Aka naɗa shi firist a 1847. Aikin ziyarar marasa lafiya ya yi masa nauyi, domin ganin wahalar mutane yakan sa shi ma ya kwanta. Shugaban gidan, Cyril Napp, sai ya tura shi koyarwa. A 1850 ya zauna jarrabawar samun takardar malanta, ya faɗi. Napp bai yanke ƙauna a kansa ba, ya aika shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, inda ya karanta lissafi da kimiyyar tsirrai da sauransu. Ya sāke gwada jarrabawar a 1856, wannan karon ma bai yi nasara ba. Haka ya ci gaba da koyarwa a matsayin malamin riƙo. To, a shekarar nan ta 1856 ce ya soma aikin da duniya ta san shi da shi.

Kafin mu gane aikin, sai mu tuna yadda tsiro yake haihuwa. Saiwa tana jan ruwa daga ƙasa, ganye yana haɗa abinci da hasken rana, amma fure shi ne wurin haihuwa. A cikin fure akwai sashen namiji mai fitar da wani gari mai laushi, akwai kuma sashen mace. Sai garin nan ya sauka a kan sashen mace kafin a sami iri. A masara, garin yana zubowa daga furen da ke can sama, iska ta kai shi kan gashin da ke bakin goyo. A wasu tsirrai kuwa ƙudan zuma ne ke yin dakon.

Mendel ya zaɓi wani ɗan wake na ƙasar Turai, irin koren nan kewayayye da ake zubawa a shinkafa. Furen wannan wake a rufe yake, yana yin barbara da kansa kamar waken gonarmu, saboda haka iri ba ya saurin gauraya. Ya samo kashi 34 na waken, ya shekara biyu yana shuka su don ya tabbata kowanne yana haifar irinsa, sa'an nan ya tsai da 22. Ya sa ido a kan halaye bakwai kawai, kamar tsawon kara, launin fure, launin ƙwaya, da kuma ko ƙwayar sumul take ko mai tamoji. Idan zai haɗa iri biyu, sai ya buɗe fure tun bai nuna ba, ya cire sashen namiji da hantsaki, ya shafa garin wani tsiro dabam, ya rufe furen kada ƙwari su kawo wani gari. Haka ya yi ta yi har 1863, a kan tsirrai kimanin 28,000, yana ƙirgawa yana rubutawa.

Ga abin da ya gani. Da ya haɗa dogon tsiro da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye, babu matsakaici ko ɗaya. Amma da ya bar 'ya'yan suka yi barbara da kansu, sai gajarta ta sāke ɓullowa a cikin jikoki: dogaye 787, gajeru 277. A launin ƙwaya ya sami rawaya 6,022, kore 2,001. A siffar ƙwaya kuma, sumul 5,474, mai tamoji 1,850. Duk inda ya juya, lissafin yana komawa kusan uku bisa ɗaya.

Mutanen zamaninsa suna tsammani halin uwa da na uba suna cakuɗewa ne kamar fura da nono. Mendel ya nuna ba haka ba ne. Kowane tsiro yana ɗauke da ƙwayar gado biyu ta kowane hali, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, wata kuwa takan laɓe. Wadda ta laɓe ba ta mutu ba, tana nan tana jiran ranar da za ta gamu da irinta, sa'an nan ta bayyana.

Ya karanta sakamakon a gaban ƙungiyar masanan halittu ta Brno a ranar 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris, 1865, aka buga shi a 1866. Kusan babu wanda ya kula. Ya rubuta wa Carl Nägeli, babban masanin tsirrai a Jamus, amma shi ma bai gane girman abin ba. A 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan zuhudun, sai aikin mulki da jayayya da gwamnati a kan haraji suka cinye lokacinsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1884, yana da shekara 61, bayan ciwon ƙoda. Sai a 1900, shekara 16 bayan mutuwarsa, masana uku, wato Hugo de Vries na Holan, Carl Correns na Jamus, da Erich von Tschermak na Ostiriya, suka sāke tono aikinsa. Tun daga nan ake kiransa uban ilimin gado.

Wani zai ce, ina ruwanmu da waken Bature? Ruwanmu ne ƙwarai. Ingantaccen irin dawa da gyaɗa da wake da ake samarwa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, a kan wannan tushe aka gina shi. Abin da ya fi wannan kusa da mu shi ne ciwon sikila, domin hanyar gadonsa ita ce wadda Mendel ya gani a lambu. Mai jinin AS yakan yi zamansa lafiya, gama ƙwayar S a laɓe take. Amma idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki da aka ɗauka yana da hatsarin kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Lissafin ba ya jira sai ɗa na huɗu, yana iya faɗawa a kan na fari, ya kuma maimaita a kan na biyu. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa kaɗai ba ne, gado ne daga ɓangare biyu. Shi ya sa ikilisiyoyi da yawa suke neman takardar gwajin jini kafin a ɗaura aure. Muna roƙon ɗalibanmu masu fita su san jininsu tun kafin zuciya ta kama.

Ga waɗanda sakamakon jarrabawa bai yi musu daɗi ba kuwa, ku tuna da wannan malami. Ba mu ce ku raina jarrabawa ba, gama shi ma komawa ya yi ya ƙara karatu, kuma lissafin da ya koya a Biyana ne ya buɗe masa ido a lambu. Ya kuma yi gaskiya a ƙaramin abu, yana ƙirga wake ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ya yaba masa ba. Idan damina ta kama, muna fata kowane aji zai lura da gonar makaranta, ya buɗe furen wake ya dubi abin da ke ciki, ya rubuta abin da ya gani. Allah da ya halicci iri ya ba mu haƙuri da basira. Amin.