Hiroshige: Ɗan kwana-kwanan da ya adana tarihin masu fito a Japan

An haifi Utagawa Hiroshige a 1797 a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo. Mahaifinsa jami'in kashe gobara ne. A 1809 iyayensa biyu suka rasu, yaron ya gaji aikin mahaifinsa yana ɗan shekara 12. Amma zuciyarsa na wajen zane, don haka ya shiga koyo a hannun wani gwani, Utagawa Toyohiro, wanda a wurinsa ya samu sunan da duniya ta san shi da shi.

Sana'ar ta haɗin gwiwa ce. Mai zane zai zana, masassaƙi ya sassaƙa hoton a jikin katako, mai bugawa ya shafa launi ya danna takarda. Da haka ake samun ɗaruruwan kwafi a farashin da talaka zai iya saya.

Sunansa ya fito ne tsakanin 1833 da 1834, da ya fitar da hotuna 55 na hanyar Tokaido, mai tsawon kusan kilomita 500 daga Edo zuwa Kyoto, da zangonta 53. Tafiyar ba a ƙasa kaɗai take ba. A Kawasaki ya zana kwale-kwalen da ke ƙetarar da mutane kogi, a Mitsuke masu fito a kogin Tenryu, a Arai kuwa jiragen da ke ratsa tafkin Hamana. A Kuwana ya nuna jiragen da ke isowa bayan yanke teku daga Miya. A kogin Oi mahukunta sun hana gada da jirgi, sai 'yan dako su ɗauki matafiya a kafaɗa, kuma wannan ma bai tsallake shi ba.

Abin da ya ja hankalinsa shi ne talakan hanya: fatake da kayansu, masu tuƙi da gora, matafiyin da ruwan sama ya ritsa da shi.

A 1856 ya aske kansa ya zama malamin addinin Buddha, amma bai ajiye zane ba. A shekarar ya fara jerin hotunan fitattun wuraren Edo. Ya rasu a 1858, lokacin da annobar kwalara ta afka wa birnin.

Ba a daɗe ba duniyar da ya zana ta shuɗe. A 1889 aka kammala layin dogo na Tokaido, gadoji suka maye gurbin kwale-kwale, sana'ar fito ta ja baya. Hotunansa kuwa sun riga sun ƙetare teku: a 1887, a birnin Paris, Vincent van Gogh ya kwaikwayi biyu daga cikinsu. Yau duk mai son ganin yadda matafiyan Japan suka ƙetare ruwa kafin zuwan jirgin ƙasa, aikin Hiroshige na cikin abin da yake fara dubawa.