Likita Mila da Mutanen Gimi

Yawancin masu karanta wannan jarida sun taɓa jin sunan Likita Mila, gama shi ne ya ja gaba wajen juya Littafi Mai Tsarki cikin harshenmu. Amma ba kowa ya san irin baƙin cikin da ya sha kafin aikin nan ya ƙare ba. Ina so in ba da labarinsa musamman domin 'yan'uwa na ƙasar Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa. Dattawanmu suna tune da watan Agusta na 1988, sa'ad da madatsar ruwa ta Bagauda ta fashe, ruwa ya kwashe gonaki da gidaje. Ba mu manta da watan Satumba na 2007 ba kuma, lokacin da aka ƙone majami'u a Tudun Wada, waɗansu masu bi suka rasa rayukansu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan toka ko a kan laka yana duban wurin da gidansa yake a dā, labarin nan nasa ne.

Sunansa na yanka Walter Miller. An haife shi a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita a babban asibitin Bartalamawas Mai Tsarki a birnin Landan. Da ya gama, sai ya ba da kansa ga Mishan ta C.M.S. domin a aike shi ƙasar Hausa. A zamanin nan shiga ƙasarmu yana da wuya ƙwarai ga Bature, saboda haka aka fara aikensa Tarabulus, a bakin Bahar Rum, inda fatake da alhazai Hausawa suke sauka. Can ya zauna tare da su yana sauraro, yana tambaya, yana rubutawa, har bakinsa ya fara kama Hausa.

A farkon 1900 su biyar suka tashi daga Ikko, Bishof Tugwell ne shugabansu. Suka yi ta tafiya wata da watanni, suka bi ta Zariya, suka iso Kano cikin watan Afrilu. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba. Ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su fita daga garinsa, suka fita. Suka koma kudu da Zariya, suka sauka a Girku. A garin nan ne Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka fara aikin S.I.M., ya mutu cikin 1894. Ba su daɗe ba sai ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya kwanta ciwo ya mutu, kabarin masu bishara ya zama biyu a gari ɗaya. Wani kuma ciwo ya tilasta masa komawa gida. Daga baya wuta ta cinye gidan da suka gina, sauran suka janye zuwa bakin kogin Binuwai.

Wani mutum da ya ga haka da ya ce ƙofa a rufe take, ya nemi wata ƙasa. Likita Mila ya komo cikin 1902. Zuwa 1905 ya sami izini ya zauna cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin magani, ya buɗe makarantar yara, da dare kuwa yana aikin fassara. Gaskiya ita ce shi mutum ne mai zafin rai, ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Ya yi ta samun saɓani da Turawan mulki, waɗanda ba su so a yi wa'azi a ƙasar sarakuna, ya kuma yi saɓani da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Shekara takwas yana shuka a birnin, waɗanda suka karɓi baftisma 'yan kaɗan ne.

Sai cikin 1913 Ubangiji ya kawo masa mutane ta hanyar da bai zata ba. Tun wajen 1867, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an kashe wani malami mai suna Ibrahim a kasuwar Kano. Malamin nan bai taɓa ganin mai bishara ba. Cikin karatunsa ne ya lura da girman da aka ba Annabi Isa, ya yi ta koya wa almajiransa haka, ya ƙi janye maganarsa har mutuwa. Almajiransa suka watsu, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, waɗansu suka zauna a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau, ƙasar da ke maƙwabtaka da tamu. Aka riƙa kiransu Isawa. Shekara arba'in da 'yan kai suna riƙe da ɗan hasken da suke da shi, suna jiran ranar da za a kawo musu cikakken labarin Isa. Biyu daga cikinsu suka zo Zariya suka sami Likita Mila. Da suka ji ana karanta Linjila da Hausa, suka koma suka gaya wa 'yan'uwansu.

Tun da yake a warwatse suke, aka ga ya fi kyau su taru wuri ɗaya, su yi noma tare, su yi sujada tare, yaransu kuma su koyi karatu. Aka sami fili a Gimi, arewa da Zariya. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, mai suna Thompson, ya zauna tare da su yana kiwonsu. Suka gina ɗakuna da majami'a da makaranta, suka sare daji suka yi gonaki, har jama'ar ta wuce mutum ɗari. Wannan kuwa ya faru a lokacin da ƙasar Kano take fitowa daga babbar yunwa ta 1913 da 1914. Mai karatu ya gwada irin murnar Likita Mila. Abin da ya yi ta roƙo tun yana Tarabulus ga shi a gaban idonsa: ƙauyen Hausawa, ana ta da murya ana yabon Yesu Almasihu da harshensu.

Murnar ba ta daɗe ba. Akwai ƙudan tsando a kurmin da ke bakin rafi, inda mata suke ɗiban ruwa, yara suke wanka. Ƙudan nan shi ne yake ɗauke da ciwon barci daga mutum zuwa mutum. Ciwon yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai, kaluluwa ta fito a wuya. Bayan watanni mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana, ko yana cikin cin tuwo, da dare kuwa barci ya ƙi zuwa. Sa'an nan ya rame, hankalinsa ya gushe, ya kwanta kwanciyar da ba tashi. A zamanin nan maganin da likitoci suke da shi mai dafi ne, yakan makantar da waɗansu, ba ya kuwa warkar da wanda ciwon ya riga ya kai masa ga ƙwaƙwalwa. Magunguna masu kyau ba su yaɗu ba sai bayan 1920. Ciwon ya shiga Gimi gida gida. Kamar wannan bai isa ba, annobar mura ta 1918, wadda kakanninmu suka sa wa suna Marisuwa, ta ratsa ƙasar duka. Cikin 'yan shekaru mutanen Gimi da yawa suka mutu, aka rasa masu noma gonakin, a ƙarshe aka bar ƙauyen.

Ya 'yan'uwa, mu tsaya nan kaɗan. Ga mutane da kakansu na bangaskiya ya ba da ransa, suka yi jira shekara arba'in, suka bar gonakin iyayensu domin su bi Almasihu. Ba su daɗe da karɓar baftisma ba sai kaburbura suka fara yawa a bayan gari. Ga kuma likita, wanda ya ƙetare teku domin ya warkar, yana duban tumakinsa suna mutuwa, ilminsa bai iya tsai da ciwon ba. Shi da abokan aikinsa ne kuwa suka ƙarfafa su su taru a wurin nan. Tambayar da takan shiga zuciya a irin wannan rana mun san ta, gama mun ji ta a gidajenmu: ko Allah ya yi fushi ne? Ko mun yi kuskure da muka bi wannan hanya?

Amsar da Likita Mila da sauran mutanen Gimi suka bayar, da aiki suka ba da ita. Mishan ba ta sallame su ta ce kowa ya kama gabansa ba. Waɗanda suka ragu da yawa suka matso Zariya, yaransu suka shiga makarantar Likita, suka ci daga tukunya ɗaya da yaran da ke can. Su kuma ba su koma baya ba. Cikin 1929, da gwamnati ta matsa a fitar da Mishan daga cikin birni, aka ƙaura zuwa Wusasa, bayan ganuwa. Aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da tubalin ƙasa bisa ga ginin Hausa, aka yi makaranta da asibiti. Zuriyar Isawa suna cikin ginshiƙan wannan sabuwar ekklesiya.

Barin birnin bai yi wa Likita Mila daɗi ba, gama ya so bishara ta zauna a tsakiyar jama'a. Ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara talatin da suka wuce, ya duƙufa a kan fassara tare da malamai Hausawa da ma'aikatan waɗansu Mishan. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. Shi ne aka yi ta karantawa a majami'un Arewa fiye da shekara arba'in kafin a yi sabuwar fassara. Mutumin da ya sha binne abokai da almajirai, shi ne ya zauna yana neman kalmomin Hausa da za su ɗauki kukan Ayuba da makokin Irmiya. Ya bar aikin C.M.S. cikin 1935, amma zuciyarsa ba ta bar ƙasarmu ba. Ya komo ya yi sauran kwanakinsa a nan yana koyarwa yana rubutu, ya rasu a Bukuru kusa da Jos cikin 1952, yana da shekara tamanin.

'Ya'yan itacen kuwa sun fito a hankali. Likita Barau Dikko, ɗan Arewa na fari da ya zama likita, a makarantar Mila ya tashi. Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau cikin 1927 daga gidan Isawa, ya zama likitan yara, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Jama'ar da ta rasa mai warkar da ita a Gimi, daga cikinta Allah ya ta da mai warkar da yaran waɗansu. Ciwon barcin ma an yi masa taron dangi. Kusan shekara ashirin bayan Gimi, gwamnati ta sa aka sare kurmi a bakin rafuka a ƙasar Anchau, aka gina rijiyoyi, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya, ciwon ya ragu ƙwarai.

Me za mu ɗauka daga wannan labari? Na fari, masifa ba shaida ce ta fushin Allah a kan wanda ta faɗa wa ba. Abokan Ayuba sun yi wannan zato, Ubangiji kuwa ya tsauta musu. Cikin Luka sura 13, da aka tuna da mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu, Yesu ya nuna sarai cewa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Kada wani a cikinmu ya je gaisuwar wanda ruwa ya ci gonarsa yana bincike a zuci ko wane zunubi ya yi. Mutanen Gimi ba zunubi ya kashe su ba, ƙuda ne a bakin rafi.

Na biyu, da yake ƙuda ne, ya wajaba a nemi ƙudan. Addu'a ba ta hana sare kurmi. In rijiyar gari ta ɓaci, a gyara ta. In gidajenmu suna kan hanyar ruwa, dattawan ekklesiya su zauna da mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi a yi shawara tun rani, gama ambaliya ba ta tambayar addinin mai gida.

Na uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya rayar da sauran mutanen Gimi shi ne akwai gidan da ya buɗe musu ƙofa. Haka masu bi na Antakiya suka yi a lokacin yunwa, kowa ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, aka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya. Kowace ekklesiya tana iya keɓe ɗan hatsi daga baikon kaka ta ajiye a rumbu domin ranar wahala. Samari suna iya yin gayya su ta da ɗakin gwauruwa kafin damina. Zumuntar mata ta san gidan da ba a hura wuta ba jiya. Maraya kuma kuɗin makaranta yake bukata shekara bayan shekara, bayan masu gaisuwa sun watse.

Likita Mila bai ga dukan amfanin wahalarsa ba, waɗanda aka binne a Gimi kuwa ba su ga kome ba daga ciki. Mu ne muke riƙe da Littafin a hannu. Ran Lahadi mai zuwa, sa'ad da mai karatu ya buɗe shi a gaban jama'a, bari mu tuna da su, mu kuma duba ko akwai wani a kan benci kusa da mu wanda nasa ƙauyen ya rushe. Ubangiji ya ba mu ido mu gan shi, da zuciyar da za ta kai shi gida. Amin.