Sarki Dikko da Suturar Sarauta

Yau filin namu zai leƙa Katsina, mu ɗan waiwayi rayuwar marigayi Sarki Muhammadu Dikko, da irin shigar da aka san shi da ita.

An haife shi a 1865, Basulluɓe ne, kuma ya riƙe sarautar Durɓi kafin Turawa su tuɓe Sarki Yero su ɗora shi a 1906. A 1921 ya tafi aikin Hajji, shi ne sarki na farko a Arewa da ya sauke farali yana bisa gadon sarauta. A wannan tafiya ce ya biya ta Ingila, ya gana da Sarki George na Biyar. Ya kawo wasan folo Katsina, ya tsaya wa ilmin boko, har aka buɗe wa 'yan mata makaranta a garin wajen 1930, lokacin da iyaye da yawa ba su ko son jin zancen. Ku 'yan makaranta, wannan kaɗai ya isa ku sa shi cikin addu'a.

To, duk shiga Turawan nan da ya yi, bai ajiye rawani ba. Ku dubi hotunansa na London: babbar riga, alkyabba a bisa, rawani da amawali ya rufe haɓa. Haka ya tafi, haka ya komo.

A nan ne masu rubutu ke yin kwaɓa. Sai ka ga an kira alkyabba babbar riga, alhali kuwa ba su haɗa hanya ba. Babbar riga ɗinkin ƙasar nan ce, ana zura kai ta wuya, ga aikin allura a ƙirji da aljihu, irin su aska biyu da aska takwas. Alkyabba kuwa buɗe take ta gaba, ba ta da hannu, yafa ta ake yi, tana da kokuwa a baya, kuma asalinta daga Arewacin Afirka fatake suka riƙa ƙetaro Hamada da ita. Ita ce ake yafa wa mutum ranar naɗi, shi ya sa ba kowa ke sa ta ba. Amaren da ake yafa wa ita ranar biki aron darajar fada ne suka yi na yini guda. Rawani ma suna suka tara: harsa fari ne, ɗan Kura kuwa baƙi ne mai ƙyalli, rinin shuni wanda ya sha bugu. Kunnuwan da ake fitar wa rawani alamar gidan sarauta ce, ba ado ba ne da kowane mai kuɗi zai ɗaura.

Sa'an nan ga zancen launi. Hotunan zamanin Dikko baƙi da fari ne. Wadda ta dubi hoto kawai ta rubuta cewa alkyabbarsa kore ce ko ja, cinta ta yi, ba labari ba. In za ki rubuta wa malama insha'i a kan wannan, ki sa a kai ki Babbar Kasuwa wurin dattawan da ke sayar da rawuna da riguna, ki taɓa kayan da hannunki, ki tambayi sunan kowane.

Sarki Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Allah ya jiƙansu, amin.