Muhammadu Al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya kwanta dama a Alƙahira

Duk wanda ya tashi a gaban malaman zaure, ko a Kurawa ta ƙasar Sabon Birni, ko a Isa, ko a kowane lungu na tsohuwar ƙasar Gobir, ya san hatimi: gidaje tara da ake zanawa a allo, a zuba musu lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, sai ya ba da 15. Kaɗan ne suka san cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka fi zurfi a wannan fanni a ƙarni na 18 mutumin Katsina ne, maƙwabciyar Gobir ta gabas.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi. Ya yi karatu a hannun malaman ƙasar Hausa da Barno, cikinsu har da Muhammadul Wali na Bagarmi da Muhammadu Bindu, wanda ya buɗe masa ƙofar ilmin hatimai da hisabi. Wajajen 1730 ya kama hanyar Makka, ya sauke farali, sannan ya zarce Masar, inda ya ƙare rayuwarsa.

A wannan tsakani ya wallafa littattafan da suka ɗaukaka sunansa. Akwai Durrul Manzum kan taurari da ɗalasimai, wanda ya soma a Makka ya kammala a Alƙahira, akwai kuma Bahjatul Afaƙ na wajajen 1732, kan haruffa da hatimai. Ya taɓa nahawu da manɗiƙi ma.

A Bahja ne gwanintarsa ta fi bayyana. Bai tsaya ga zana hatiman da za a kwafa ba. Ya shimfiɗa ƙa'idojin gina su daki-daki: gidan da za a fara aza lamba, inda ta biye za ta faɗa, da abin da za a yi idan tafiya ta kai bakin iyaka ko aka tarar gida a cike. Wanda ya riƙe ƙa'idar zai cika hatimi mai gida 25, kowane layi ya ba da 65, ya wuce zuwa mai gida 49, ba tare da lalube ba.

Irin wannan jerin umarni shi ne ginshiƙin kowace manhajar kwamfuta. Lokacin da tauraron ɗan Adam na farko na Najeriya, NigeriaSat-1, ya tashi a 2003, abin da na'urorinsa suka riƙa aikowa ƙasa lambobi ne jere cikin gidaje, kuma sai da manhaja ta bi su mataki-mataki kafin su zama hoton gona ko na ambaliya. Ba a cewa Al-Katsinawi ya hango haka. Ilmin taurarinsa a cakuɗe yake da ɗalasimai, kamar na mutanen zamaninsa, har ya hori ɗalibai da su riƙe abin a asirce. Sai dai lissafin da ke ciki tsab yake, ko yau aka gwada shi zai fita.

A Alƙahira ya zauna a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, shi ma masanin falaki, a can kuma Allah Ya yi masa rasuwa a 1741, daidai da 1154 bayan Hijira. Littattafansa ya bar wa mai masaukinsa. Ɗan gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon, shi ya rubuta tarihinsa cikin babban kundinsa na tarihin Masar.

A gida kuwa an daɗe ba a waiwaye shi ba. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kansa a 1967, sannan Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da hatimansa ga duniya a littafinta na 1973 kan lissafin Afirka. Wani kwafen Bahja na rubutun hannu yana ajiye a birnin Landan.