Salsiyus, mai awon zafi

A Ibohamane, in bazara ta yi, zafi yakan wuce digiri 40. In yaro ya yi zazzaɓi, likita yakan auna zafin jikinsa kafin ya ba shi magani. Wa ya shirya wannan awo?

Sunansa Andas Salsiyus. An haife shi a 1701 a Ufsala, cikin ƙasar Suwidin mai tsananin sanyi. Ubansa malamin ilimin taurari ne, shi ma ya zama haka a 1730.

A zamaninsa akwai ma'aunin zafi, amma kowane mai ƙira da nasa lissafi, kamar kasuwar da kowa ya zo da tasa tiya. Salsiyus ya nemi iyaka biyu tabbatattu. Ya yi ta tsoma ma'auninsa cikin ƙanƙara mai narkewa: kullum awo ɗaya. Ya tsoma shi cikin ruwa mai tafasa, sai ya ga awon yana sakewa in nauyin iska ya sake. Don haka ya tsai da nauyin iskar da za a riƙa awo da shi.

A 1742 ya raba tsakanin iyakokin gida 100: tafasa 0, daskarewa 100. Tarin fuka ya kashe shi a 1744. Bayan mutuwarsa aka juya lissafin, a 1948 kuma aka sa wa awon sunansa.

Yau a Nijar, da likita da na'urar da ke daidaita sanyin ɗaki da kanta, duk da tiyar Salsiyus suke awo.