Alan Turing, mutumin da ya gano iyakar kwamfuta tun kafin a ƙera ta

Mai waya a zangon Blitta, Sokodé ko Dapaong ya san wannan hali: ka taɓa wani abu, alama ta yi ta juyawa, ka rasa ko jira za ka yi ko kashewa. Shin akwai manhajar da za ta duba kowace manhaja, ta faɗi tabbas ko za ta gama aiki ko kuwa za ta yi ta zagaye har abada? Amsar ta fito daga aikin Alan Turing tun 1936.

An haifi Turing a Landan ranar 23 ga Yuni 1912. Ya shiga Jami'ar Cambridge a 1931 ya karanta lissafi. A lokacin, Bajamushe David Hilbert ya bar wa masana tambaya: ko akwai hanya ɗaya, mataki bayan mataki, da za ta yanke hukunci a kan kowace magana ta lissafi? Irin wannan hanya ita ce algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan malamin Bagadaza, Al-Khawarizmi.

Turing, yana ɗan shekara 23, ya zana wata na'ura a takarda kawai, ya nuna cewa babu irin wannan hanya. Ga yadda ake bayyana hujjar yau. A ce akwai manhaja mai alƙalanci, wadda ba ta kuskure. Sai a rubuta wata mai taurin kai, wadda za ta tambayi alƙaliyar game da ita kanta, sannan ta yi akasin hukuncin: in an ce za ta tsaya, ta ƙi tsayawa, in an ce ba za ta tsaya ba, ta tsaya. Ko ta ina alƙaliya ta yi kuskure. Ke nan ba ta taɓa wanzuwa.

To, wannan iyaka ce ta gaske? E, gaske ce, kuma ƙarin sauri ko kuɗi ba ya kawar da ita. Sai dai abin da ta hana shi ne hanya guda mai warware komai. Manhajoji da dama ana tantance su ɗaya bayan ɗaya, injiniyoyi na yin haka kullum.

A Yaƙin Duniya na Biyu, Turing ya yi aiki a Bletchley Park wajen warware saƙonnin sirrin Jamus na na'urar Enigma. A 1948 ya koma Jami'ar Manchester. A 1952 kotu ta same shi da laifin luwaɗi bisa dokar Ingila ta wancan lokaci. Ya mutu ranar 7 ga Yuni 1954 sanadiyyar guba, masu bincike suka ce shi ya kashe kansa. Sarauniyar Ingila ta yi masa afuwa a 2013.

Yau da ake cewa ƙirƙirarriyar basira za ta amsa komai, a tuna ita ma a kan kwamfuta take gudana, iyakar da Turing ya gano ta hau kanta.